TSATSA DA RAGUWA: Sharhi a Kan Fassarar Wasu Kalmomin Kimiyyar Sinadarai Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1977, sa'ad da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta yi tanadin a fara koya wa yara karatu da harshen uwa ko kuma harshen da aka fi ji a yankinsu, masana Hausa suke ta faman samar da keɓaɓɓun kalmomi. A fagen nazarin harshe da adabi an ci nasara gwargwado, har aka tattara abin da aka amince da shi cikin littafin *Hausa Metalanguage*, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990. Amma a fagen kimiyya, musamman kimiyyar sinadarai, galibi an bar kowane malami da dabararsa. Manufofin gwamnati sukan sauya, abin da bai sauya ba shi ne, duk sa'ad da malami ya ga ɗalibansa sun yi zuru a aji, Hausa yake komawa. To, wace irin Hausa yake komawa gare ta?

Abin da ya jawo wannan sharhi shi ne wasu takardun darasi da wani malamin sakandare ya kawo mini don in duba masa ƙa'idar rubutu. Darasin ya shafi abin da ake kira *oxidation* da *reduction* a Ingilishi. Ƙa'idar rubutun ba ta da wani aibi. Sai dai na ci karo da wannan jimla:

(1) Raguwa ita ce ƙaruwar ilektaron.

Malamin bai yi kuskure a kimiyya ba, kuma ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Duk da haka jimlar ta kashe kanta da kanta a Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba kalmomi uku da aka yi amfani da su a darasin, watau "tsatsa" da "raguwa" da "ƙarafan wucin gadi", ta nuna inda suka gaza da inda suke da ƙamshin gaskiya, sa'an nan ta kawo shawara.

2.0 Abin da Ake Son a Fassara

Kafin mu yanke wa fassara hukunci, wajibi ne mu san abin da take ƙoƙarin ɗauka. Kowane atam yana da ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, waɗanda ake kira ilektaron. In atam ya saki ilektaron ko ya karɓa, sai ya zama ayon, watau atam mai caji. Kalmar *oxidation* tana nufin sakin ilektaron, *reduction* kuwa tana nufin karɓarsa. Ɗayansu ba ya aukuwa sai da ɗayan, kamar dai yadda ba a saye sai da mai sayarwa.

Ga misalin da aka fi nuna wa ɗalibai. Ruwan famanganet launinsa shunayya ne mai duhu. In aka ɗiga shi cikin ruwan asid mai ɗauke da ayon ɗin baƙin ƙarfe mai caji biyu, wanda launinsa kore-kore ne, nan take sai shunayyar ta ɓace:

(2) MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O

Abin da ya auku shi ne, ayon biyar na baƙin ƙarfe kowannensu ya saki ilektaron ɗaya, ya tashi daga +2 zuwa +3. Manganis guda ya karɓe duka biyar ɗin, ya sauko daga +7 zuwa +2. Babu ko atam ɗaya na manganis da ya salwanta. Haka kuma babu oksijin ɗin da ya hau kan baƙin ƙarfen, domin oksijin ɗin famanganet cikin ruwa ya ƙare. Mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, domin a kansu hukuncinmu zai tsaya.

3.0 "Tsatsa"

Wanda ya zaɓi "tsatsa" ya yi tunani mai kyau ta fuska ɗaya: ya nemi abin da ɗalibi ya sani a gida. Kowane yaro ya ga tsohuwar fartanya da aka bari a damina. Kuma gaskiya ne tsatsa misali ce ta sakin ilektaron, domin baƙin ƙarfe ne yake sakar wa oksijin ilektaron ɗinsa in akwai laima.

Illar ita ce an ɗauki misali guda an mai da shi sunan jinsi. Kalmar "tsatsa" a Hausa ta ƙunshi ma'anoni uku da ba sa rabuwa da ita: ƙarfe take kamawa, a hankali take ci, kuma lalacewa ce. Ba ko ɗaya daga cikin ukun da yake sharaɗi ne a kimiyyar. Itacen da ke ci a murhu sakin ilektaron yake yi, amma ba Bahaushen da zai ce itace ya yi tsatsa. Goron da aka fasa aka ajiye har fuskarsa ta yi duhu, shi ma haka. Abincin da jiki ke ƙonawa ya sami ƙarfi, shi ma haka, kuma wannan rayuwa ce, ba lalacewa ba. A misali na (2) kuwa, cikin ƙiftawar ido abin ya auku, a cikin ruwa garai-garai, ba wani jan gari da ya bayyana. Ɗalibin da aka ce masa "baƙin ƙarfen ya yi tsatsa" zai leƙa kwalbar ya nemi abin da ba ya ciki.

Ya kamata a yi wa mai fassara adalci: ita kanta kalmar Ingilishin gurguwa ce. Daga sunan oksijin aka ciro ta, a zamanin Lavoisier, Bafaranshen da shi da abokan aikinsa uku suka tsara sababbin sunayen sinadarai a 1787. A lokacin ba wanda ya san da ilektaron, sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi. Da ilmi ya faɗaɗa, sai Turawa suka faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalmarsu, suka bar ta da tsohuwar rigarta. Su gado suka ci, ba yadda za su yi. Mu da muke fara gini yau, ba abin da ya tilasta mana mu aza harsashi a kan kuskuren da masu shi suka riga suka gane.

4.0 "Raguwa"

Nan ne matsalar ta fi tsanani, domin fassarar ta bi ƙamus sau da ƙafa, kuma mai bin ƙamus yakan ji kamar ya tsira. Asalin kalmar Ingilishin daga Latin ne, kuma ma'anarta ta fari ita ce mayar da abu inda ya fito. Masu narkar da ƙarfe ne suka fara amfani da ita, suna nufin an mayar da dutsen tama ƙarfe, watau an komo da shi ga abin da suka ɗauka shi ne asalinsa. Wasu harsuna wannan ma'ana suka kama. Kalmar da Sinawa da Japanawa suke amfani da ita tana nufin komawa asali. A Larabci akwai *ikhtizāl*, mai ma'anar taƙaitawa, amma a ƙasar Sham an fi cewa *irjā'*, watau mayarwa.

Shin babu raguwa ko kaɗan a cikin al'amarin? Akwai, a wurare biyu. Na farko, wajen narkar da tama nauyi yana raguwa:

(3) Fe₂O₃ + 3CO → 2Fe + 3CO₂

A lissafi, giram 160 na tatacciyar tama giram 112 na baƙin ƙarfe yake bayarwa, sauran 48 ɗin oksijin ne da ya bi iska. Na biyu, lambar da ake auna matsayin atam da ita tana sauka, kamar yadda manganis ya sauko daga +7 zuwa +2. Saboda haka wanda ya ce "raguwa" bai faɗi ƙarya tsagwaronta ba.

Amma fa aikatau ɗin "rage" a Hausa yana bukatar a san abin da aka rage, in kuwa ba a ambata ba, kunne yakan ɗauka yawa ake nufi. A duba:

(4) An rage gishiri a miya.
(5) An rage kuromiyam a ruwan.

Ba yadda za a yi Bahaushe ya fahimci (5) ta wata hanya dabam da (4). Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, ga dalili. Kuromiyam yana da matsayi biyu da suka fi shahara. Mai +3 shi ne wanda masana'antun jima na zamani, irin waɗanda ke Kano, suke jeme fata da shi. Mai +6 kuwa guba ne mai tsanani, an tabbatar yana haddasa ciwon daji. Hanyar da aka saba bi wajen kashe kaifin mai +6 a gurɓataccen ruwa ita ce a zuba masa gishirin baƙin ƙarfe mai caji biyu:

(6) Cr₂O₇²⁻ + 14H⁺ + 6Fe²⁺ → 2Cr³⁺ + 6Fe³⁺ + 7H₂O

Launin ruwan yakan juya daga ruwan lemo zuwa kore. Kuromiyam ɗin yana nan cif, ko ƙwaya ɗaya ba ta fita ba, sai an sake wani aikin kafin a kwantar da shi a tace. To, in rahoton masana ya ce an yi wa kuromiyam *reduction*, mai fassara ya sanar a rediyo cewa "an rage kuromiyam", manomin da ke ban ruwa a gefen rafi ya ji labarin da ba shi aka faɗa ba. Kuskuren fassara a nan ya bar aji ya shiga gona.

Har wa yau akwai tarko na biyu. Sinadarin da ke sa a yi *reduction*, a takardun da na duba an kira shi "mai ragewa". A (6) baƙin ƙarfe ne wannan. To, me yake yi? Bayarwa yake yi. Shi ne yake miƙa ilektaron, shi ne kuma nasa yake raguwa. Ke nan ɗalibi zai haddace cewa mai ragewa shi ne mai ƙara wa wani, wanda aka rage shi ne wanda ya samu, mai ragewar kuma shi ne ya yi tsatsa. Yaron da ya kasa gane wannan ba daƙiƙi ba ne, Hausarsa ce take gaya masa gaskiya.

5.0 "Ƙarafan Wucin Gadi"

Wannan ita ce mafi sauƙin gyara. Mai fassara ya ga kalmar *transition*, ya tuna da gwamnatin riƙon ƙwarya, sai ya ba baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da azurfa da zinariya sunan abin da bai daɗewa. Alhali kuwa ba hali sunan yake bayyanawa ba, mazauni yake nunawa. A jadawalin sinadarai, wanda Mendeleev ya aza harsashinsa a 1869, waɗannan ƙarafa suna zaune ne a tsakiya, tsakanin rukunan hagu da na dama. "Ƙarafan tsakiya" ya wadatar, kuma duk ɗalibin da ya ɗaga kai ya dubi jadawalin da ke bango zai ga dalilin sunan.

Halin da ya sa suka yi fice a wannan babi shi ne yawancinsu suna iya zama a matsayi fiye da ɗaya, kuma sau da yawa kowane matsayi da launinsa. Banadiyam shi ne gwanin misali: in aka saka tutiya cikin ruwansa mai asid, sai ya tashi daga rawaya a +5, ya koma shuɗi a +4, kore a +3, shunayya a +2. Jan ƙarfe mai caji biyu shuɗi ne a ruwan gwajin Benedict, in aka dafa shi da sukarin gulukos sai ya karɓi ilektaron ya kwanta ja kamar jan bulo, kuma da wannan aka daɗe ana gwada sukari a fitsari. A nan sai a lura da wata matsalar ta daban: kalmar "ƙarfe" tana nufin jinsin duka, tana kuma nufin ɗaya daga cikinsu. A rubutun kimiyya dole a lizimci "baƙin ƙarfe" duk inda Fe ake nufi, ko da jimla za ta yi nauyi.

6.0 Abin da ke Gida

Babban abin da na ga ya ɓace a takardun nan shi ne, ko sau ɗaya ba a leƙa sana'o'in Hausawa ba, alhali kuwa nan ne wannan ilmi ya daɗe da zama.

Maƙera na farko. An sami shaidar narkar da tama a Taruga, a yankin al'adun Nok, tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, an kuma sami irinta a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7 Miladiyya. Abin da ke cikin misali na (3) shi ne abin da masu wannan sana'a suke yi da gawayi da zugazugi. Ita kanta kalmar "sinadari", wadda yau muka ɗora wa nauyin kimiyya sukutum, asalinta sunan wani gishiri ne da maƙeran fari suke share bakin ƙarfe da shi kafin su liƙe, daga Larabci aka aro ta. Ke nan an taɓa ɗaukar kalmar maƙera aka faɗaɗa ta, ta kuma zauna daram. Dalilin da ya sa ta zauna, "tsatsa" kuwa ba za ta zauna ba, shi ne ma'anarta ta fari ba ta cika yawo a bakin jama'a ba, don haka ba ta yi gardama da sabuwar ba.

Sai marina. Shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya kama zare yadda yake. A cikin karofi, inda aka haɗa baba da toka da katsi aka bar su kwanaki, ƙananan halittu ne suke sa shunin ya karɓi ilektaron, ya zama mai narkewa, launinsa ya koma kore-kore mai ɗan rawaya. In marini ya tsamo zane, da wannan launi yake fitowa, sai iska ta buge shi, shunin ya saki abin da ya karɓa, ya koma shuɗi a idon mai kallo, ya maƙale cikin zaren. Shuni ba ƙarfe ba ne, amma marinan Turai na ƙarni na 18 da gishirin baƙin ƙarfe mai caji biyu da farar ƙasa suke yin aikin da ƙananan halittun suke yi a karofinmu. Malamin da ke Kano, in ya kai ɗalibansa marinar Ƙofar Mata, ya nuna musu rabi biyu na darasin cikin minti biyar.

Sai dukawa. Kulokon da suke baƙanta fata da shi ruwan baƙin ƙarfe ne. In ya haɗu da sinadarin bagaruwar da aka jeme fatar da ita, ya kuma sha iska, baƙin ƙarfen yakan hau daga +2 zuwa +3, baƙin ya ƙara turuwa. Ga sakin ilektaron a jikin ƙarfe, ga shi kuma ado ya haifar, ba lalacewa ba.

Ba ina cewa marini ko baduku ya san ilektaron ba. Abin da nake cewa shi ne, ɗalibi ya riga ya ga abin da idonsa, suna kawai yake jira.

7.0 Shawara

Nahawun Hausa ya riga ya tanadi abin da muke nema. A tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya fito da shi a 1960, aji na 2 da aji na 5 sukan yi tagwaye masu nuna inda abu ya nufa: saya da sayar da, koya da koyar da, aura da aurar da. Ɗaya yana jawowa, ɗaya yana fitarwa. Kunnen Bahaushe ya saba da bambance mai miƙawa da mai amsa. Saboda haka ina ba da shawarar a gina kalmomin a kan ma'anar da kimiyya take kai yau:

(7) bayarwa: sakin ilektaron
(8) karɓa: samun ilektaron
(9) mai bayarwa: sinadarin da ya saki ilektaron, kamar Fe²⁺ a (2) da (6)
(10) mai karɓa: sinadarin da ya amshe shi, kamar famanganet
(11) bayarwa-da-karɓa: aikin gaba ɗayansa

Na guje wa "musaya" a (11) da gangan, domin musaya ba-ni-in-ba-ka ce, a nan kuwa hanya ɗaya ilektaron yake bi. Amfanin wannan tsari shi ne tarkon da muka gani a 4.0 ya kwance da kansa: mai bayarwa shi ne ya yi bayarwa, mai karɓa shi ne ya yi karɓa. A gwada da wannan jimla: "Bitamin C mai bayarwa ne, yakan ba baƙin ƙarfen abinci ilektaron ya sauko daga +3 zuwa +2, wanda hanji ya fi iya tsotsewa." Ba sai an yi wa kowa ƙarin bayani ba.

Akwai suka iri biyu da nake tsammani, kuma duka suna da nauyi. Na farko, da Ingilishi ake rubuta jarrabawa, kuma ɗalibi zai tarar "mai bayarwa" ya dace da kalmar da aka ciro daga *reduction*, "bayarwa" kuwa ta dace da *oxidation*. Gaskiya ne. Amma wannan sarƙaƙiya ta Ingilishi ce, tana nan ko mun fassara ko ba mu fassara ba. Ɗalibin da ya fahimci wa ya bayar, wa ya karɓa, suna biyu kawai ya rage ya haddace. Wanda bai fahimta ba kuwa, huɗu zai haddace, ya kuma rikita su ranar jarrabawa.

Na biyu ya fi ƙarfi. Ba kullum ilektaron yake barin wani atam ɗungurungum ya koma wani ba. In gawayi ya ƙone, tarayya ake yi a kan ilektaron ɗin, sai dai oksijin ya fi ja. Ko +7 ɗin manganis a famanganet lissafi ne na masana, ba caji ne na zahiri ba. A irin wannan wuri "bayarwa" ta yi faɗi da yawa. Amsata ita ce a tanadi kalmomi na biyu don manyan azuzuwa: a kira lambar nan "lambar matsayi", a ce matsayi ya hau ko ya sauka. Nan ne ɗan gaskiyar da ke cikin "raguwa" zai sami mazauni, amma da sharaɗin a riƙa ambaton abin da ya sauka. "Matsayin kuromiyam ya sauka daga +6 zuwa +3" jimla ce da ba za ta yaudari manomi ba.

Wani zai ce me zai hana a ari kalmomin kawai a hausantar da su, kamar yadda Larabawa suka ƙera *aksada*? Aro ba laifi ba ne, da shi muka sami asid da atam da ayon da ilektaron. Sunan abu yakan aru lafiya, domin ana iya nuna abin ko hotonsa. Amma sunan aiki, wanda ake so ɗalibi ya yi tunani da shi, in aka aro shi, kalma ce kurum aka ba shi ya riƙe a baki.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa "tsatsa" ta ƙuntata ma'ana, "raguwa" ta juya ta, "wucin gadi" kuwa ta kauce mata gaba ɗaya, kuma tushen ukun ɗaya ne: an fassara kalma, ba a tambayi abin da kalmar take yi a fagenta ba. Laifin ba na malamin da ya kawo mini takardunsa ba ne, shi ya yi abin da ya iya, shi kaɗai, da ƙamus a hannu. Laifin namu ne, mu na sassan Hausa, da muka bar shi shi kaɗai, da kuma 'yan'uwanmu na sassan kimiyya da suke ganin aikin fassara bai kai a ɓata masa lokaci ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kalmomin da na kawo a 7.0 shawara ce, ina roƙon malaman sinadarai su gwada su a aji zango guda, su rubuto wa wannan mujalla inda suka yi tuntuɓe. Gara a yi gardamar yanzu, tun kalmomin suna kan allo ana iya share su, domin in suka shiga littafin makaranta, yaran da suka haddace su su ne malaman da za su koyar da su gobe.